Ɗaukar hoto na HDR

Ɗaukar hoto na HDR wata dabara ce ta ɗaukar abu guda sau biyu ko fiye, kowane hoto da yawan haskensa daban, sannan a haɗe su su zama hoto ɗaya wanda ake ganin komai a cikinsa, daga wuri mafi haske har zuwa cikin inuwa. HDR taƙaitaccen suna ne daga Turanci, ma'anarsa kuwa faɗin tazara tsakanin haske da duhu. Ana yin wannan aiki da manyan kyamarori, kuma yawancin wayoyin zamani suna yin sa da kansu.

Dalilin samuwarta

Masu ɗaukar hoto suna auna haske da mataki. Duk mataki ɗaya na nufin haske ya ninka sau biyu, ko ya ragu da rabi. Idon mutum yana gyara kansa yayin da yake yawo tsakanin rana da inuwa, amma kyamara haske ɗaya take aunawa a kowace ɗauka. Shi ya sa idan aka ɗauki mutum a cikin ɗaki ya juya wa taga baya, ko dai fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, ko kuma tagar ta yi fari fat. Wurin da ya ƙone da haske a hoto ba a iya dawo da shi, domin kyamarar ba ta ajiye komai a wurin ba.

Tarihi

A shekarun 1850, Bafaranshe Gustave Le Gray ya riƙa ɗaukar hoton teku sau biyu, ɗaya don sararin sama, ɗaya kuma don ruwa, sannan ya buga su a takarda guda. A shekarar 1995, Steve Mann da Rosalind Picard na jami'ar MIT a Amurka sun wallafa hanyar haɗa irin waɗannan hotuna da kwamfuta. A 1997, Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar da wata hanyar lissafi da ta yaɗu ƙwarai. Kamfanin Adobe ya saka dabarar a Photoshop CS2 a 2005, sannan Apple ya kawo ta cikin iPhone 4 a 2010. Daga nan ta fita daga hannun ƙwararru ta isa ga kowa.

Yadda mai koyo yake farawa

Abin da aka fi koya wa sabon shiga shi ne hotuna uku: ɗaya daidai, ɗaya mai duhu da mataki 2, ɗaya mai haske da mataki 2. Idan a hoton tsakiya idon kyamara ya buɗe na 1/125 na daƙiƙa, mai duhun zai zama 1/500, mai hasken kuma kusan 1/30. Mai duhu shi ke riƙe gajimare da fitilu, mai haske kuma ya fito da abin da ke cikin inuwa. Idan tazarar ta yi yawa, ana ɗaukar 5 ko 7.

Tsawon lokacin buɗewar kaɗai ake sauyawa. Ba a taɓa faɗin ƙofar gilashin kyamara, domin sauya shi yana sauya abin da ya fito sarai da abin da ya dishe, sai hotunan su ƙi dacewa da juna. Ana barin ISO a ƙasa, kamar 100, don rage ƙurajen hoto. Ana ɗora kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, a danna ta da agogon jinkiri don kada hannu ya girgiza ta. An fi son ajiye hoto a tsarin RAW, wanda galibi ke riƙe bit 12 ko 14, saɓanin JPEG mai bit 8, wato matakan haske 256 kawai a kowane launi.

Bayan ɗauka, ana haɗa hotunan a manhaja kamar Lightroom, Photoshop ko Photomatix, ko kuma Luminance HDR da ake samu kyauta. Hoton da aka haɗa ya fi ƙarfin abin da takarda ko allo na gama-gari zai nuna, don haka sai a matse tazarar haskensa ta shiga cikin abin da allon ke iyawa. A wannan mataki ne hoto ke gyaruwa ko ya lalace.

Kurakuran masu koyo

Kuskure na farko shi ne motsi. Idan mutum, mota ko ganyen bishiya ya gusa tsakanin ɗauka da ɗauka, sai ya fito biyu-biyu kamar fatalwa. Manhajoji suna da maɓallin rage wannan, amma ba kullum yake share shi duka ba. Na biyu shi ne wuce gona da iri wajen matse haske. Alamunsa su ne farin zobe a gefen gini ko bishiya inda suka haɗu da sama, launuka masu ƙarfin da ya wuce kima, da hoto marar inuwa sam. Inuwa ce ke nuna zurfi da siffar abu, idan aka share ta sai hoton ya koma kamar zane. Na uku shi ne amfani da dabarar inda ba a buƙatarta. Idan jadawalin haske na kyamara ya nuna hoto ɗaya ya riƙe duka ɓangarorin, babu dalilin ƙarawa.

Inda ake amfani da ita

An fi amfani da HDR wajen hoton cikin gidaje da ake tallatawa, da gine-gine, da fitowar rana ko faɗuwarta. Masu shirya fina-finai da wasannin kwamfuta suna amfani da ita don kwafo hasken wuri na gaske su haska abin da aka ƙirƙira a kwamfuta. A aikin jarida kuwa ana taka-tsantsan da ita, saboda hoton da aka haɗa daga ɗauka da yawa ba shaidar lokaci guda ba ne.