Ranar da kyaftin biyu suka fito da haramtacciyar tuta

Jama'a, duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san Athletic Bilbao, masu riga ja da fari da ke hana Madrid da Barcelona sakat. Tun wajen 1912 ƙa'idarsu ɗaya ce: ba ka buga musu sai in a ƙasar Bask aka haife ka, ko can ka koyi ƙwallo. A haka suka ci La Liga sau 8, kuma tun da aka fara gasar a 1929 ba su taɓa faɗawa rukuni na biyu ba.

Baskawa al'umma ce da ke arewacin Sifaniya da kudancin Faransa, harshensu bai yi kama da na kowa ba a Turai. Da Janar Franco ya ci yaƙin basasa a 1939, sai ya ɗaura ɗamarar shafe su. Aka kori harshen daga makaranta da ofis, aka haramta tutarsu, ikurrinya, mai ja da kore da fari. A 1941 hatta sunan kulob ɗin aka tilasta musu canzawa zuwa Atlético de Bilbao. Filin wasa ne ya rage musu wurin da dubban mutane za su taru su ji su 'yan gida ɗaya ne.

Ga ranar da nake so ku riƙe: 5 ga Disamba 1976. Franco ya shekara da mutuwa, amma tutar tana nan a haramce. Real Sociedad, wadda ita ma ta Baskawa ce, ta karɓi baƙuncin Athletic a filin Atotxa da ke San Sebastián. Wani ɗan wasan Sociedad, Josean de la Hoz Uranga, ya sa 'yar'uwarsa ta ɗinka tutar a gida, ya shigo da ita a ɓoye. Aka shawarci 'yan wasan ɓangarorin biyu, suka amince. Sai ga kyaftin Inaxio Kortabarria na Sociedad da kyaftin José Ángel Iribar na Athletic sun fito kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kama gefe guda, 'yan wasa na biye da su, 'yan sanda na kallo. Suka shimfiɗa ta a tsakiyar fili. Iribar fa ba ƙaramin mutum ba ne, sau 49 ya tsare wa Sifaniya raga, yana da abin da zai rasa. Sociedad ta ci 5 da nema, amma ba shi mutane suka kwana suna zance ba. A Janairun 1977 gwamnati ta halatta tutar. Shi kuwa Kortabarria daga baya ya ce ya daina buga wa Sifaniya, bai kuma koma ba.

Tarihin nan akwai jini a cikinsa. Ƙungiyar ETA mai neman ɓallewa ta kashe sama da mutum 800 kafin ta rushe kanta a 2018, kuma babu tutar da za ta wanke wannan. Abin da ya sa nake ganin girman kyaftin ɗin nan biyu ke nan: ƙyalle suka ɗauka da rana tsaka, ba su zubar da jinin kowa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda ƙa'idar Athletic ta kai su. Wasu mata da miji 'yan Ghana suka keta Sahara, suka haura shingen Melilla suka shiga Sifaniya, matar tana da juna biyu. Wani limamin coci mai suna Iñaki ya taimake su a Bilbao, da aka haifi yaron a 1994 suka sa masa sunansa. Shi ne Iñaki Williams, baƙar fata na farko da ya ci wa Athletic ƙwallo, a 2015. Kulob ɗin da ake zargi da ƙabilanci bai tambayi jininsa ba, ɗan gida ne tunda nan ya faɗo. A 2022 ya zaɓi buga wa Ghana, ƙaninsa Nico ya zaɓi Sifaniya. Tare suka ɗaga Kofin Sarki a 2024, bayan shekara 40 Bilbao tana jira.

Wata uku bayan nan, a Berlin, Sifaniya ta doke Ingila 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Turai. Nico Williams ne ya ci ta farko, Mikel Oyarzabal kyaftin ɗin Real Sociedad ya ci ta biyu.