Madam Walker: mai wankau da ta bi gida-gida har ta kafa kampanin gyaran gashi

Duk shekara ƴan mata na fitowa daga wuraren koyon sana'a da takardar shaidar kitso da gyaran gashi, a yi buki, a kama shago, a sayi madubi. Sai a wayi gari kujera ba kowa, ga kuɗin haya na jira. To wannan matsala ba yau ta fara ba. Ga tarihin wata mata da ta sha fama da ita a Amurka shekara ɗari da wani abu da suka wuce.

Sunanta na yanka Sarah Breedlove. An haife ta ranar 23 ga Disamba 1867 a jihar Luwiziyana, shekara biyu bayan an haramta bauta a ƙasar. Iyayenta da yayyenta duka sun yi bauta, ita ce ta farko a gidan da aka haifa cikin ƴanci. Tana shekara 7 ta zama marainiya, ta yi aure tana 14, mijin ya rasu tana 20, ya bar ta da ɗiya guda. Sai ta koma birnin St. Louis, inda ƴan uwanta maza ke aski, ta kama wankau. Abin da take samu a yini bai wuce dala ɗaya da rabi ba, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba.

A wannan zamani talakawa da yawa ba su da famfo a gida, ba a wanke kai a kai a kai, amosani da ciwon fatar kai sun yi yawa. Ita kanta gashinta ya riƙa zubewa. Nan ta fara sayar da man gashin wata baƙar fata mai suna Annie Malone, ta koyi aikin. A 1905 ta tashi zuwa Denver, a 1906 ta auri Charles Joseph Walker, ta fito da nata man, ta sa mai sunan Madam C. J. Walker. Malone ta zarge ta da kwaikwayon haɗinta, gasa mai zafi ta shiga tsakaninsu. Amma dai farar wuta da man baselin da ake haɗawa sanannun abubuwa ne tun kafin su biyun. Ke nan a wajen neman mutane ne Madam Walker ta yi fice.

Ya ta yi? Ba ta zauna jiran kowa ba. Ta bi gida-gida, ta shiga majami'u da tarukan mata, ta wanke kan mace, ta shafa mai, ta taje a gaban jama'a, kowa ya gani da idonsa. A tallarta ta jarida ta sa hotonta na da, lokacin da gashi ya zube, kusa da na bayan magani. Ita da mijinta sun yi kamar shekara ɗaya da rabi suna zagaya garuruwa, ɗiyarta na gida tana aika kaya ta gidan waya ga masu saye.

Abu na biyu, ba ta ɓoye sana'a ba. A 1908 ta buɗe makarantar koyon gyaran gashi a Pittsburgh, Lelia College, da sunan ɗiyarta. A 1910 ta koma Indianapolis ta gina masana'anta. Duk wadda ta gama koyo ana ba ta takarda, ta sa farar riga da baƙin siket, ta ɗauki jakarta ta shiga unguwanni. Kowace ɗaliba tana ci da kanta, kuma tana kai sunan Madam inda ƙafarta ba ta kai ba. Zuwa 1917 kampanin ya ce ya horar da mata kusan 20,000, kuma a shekarar aka yi babban taron wakilanta a Philadelphia. Ta rasu ranar 25 ga Mayu 1919 tana da shekara 51, bayan ta ba da kuɗɗi masu yawa don yaƙi da kisan gillar da ake wa baƙaƙen fata.

Ku lura, daga barin wankau zuwa masana'anta shekaru aka ɗauka ana yawo, ba wata guda ba. Takarda tana nuna kin koya, amma mace ba ta miƙa kanta sai ga hannun da ta gani ko ta ji labarinsa. Saboda haka ƙanwata, in shago ya yi shiru, ɗauki matajinki ki je gidan buki da gidan suna, ki yi kitso mai tsabta wanda ba ya cin goshi, ki cika alkawarin lokaci ko da jajibirin salla ne. Kai ɗaya da aka gyara da kyau shi zai kirawo na biyu.

Makitsan Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, ku faɗa muna yadda kuka samu masu zuwa na farko, ƙannenku su ƙaru. Allah ya sa albarka a sana'a, amin.