Yaƙin mutum da inji: daga ina labarin ya fito?

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ka taɓa shiga gidan bidiyo ran kasuwa, ka ga wani ƙaton Bature da baƙin tabarau, riƙe da bindiga. Ana harbinsa, ba ya faɗuwa. Da wuta ta cinye fatarsa, sai ga ƙarfe a ciki, da jajayen idanu kamar garwashi. Sunan silimar nan Terminator. James Cameron ya shirya ta a Amurka a 1984, Arnold Schwarzenegger kuma shi ya fito a matsayin injin. Labarin ƙage ne, bai faru ba. Amma tsoron da ke cikinsa na gaske ne, ya ma girmi silima. Bari mu koma baya ka ji.

A 1811, a ƙasar Ingila, kusa da garin Nottingham, akwai masu saƙar safa. Sana'a ce da ake shekaru ana koyo. Sai masu kuɗi suka riƙa sa waɗanda ba su ƙware ba a kan injunan saƙa, suna fitar da kaya marar kyau mai araha. Ladan gwanaye ya faɗi. Ga yaƙi da Faransa, ga tsadar abinci. Ka san halin maigida idan rumbu ya ƙare, aiki kuma ya tsaya. Sai suka riƙa fita da dare da manyan gudumomi, suna farfasa injuna. Suka ce sunan shugabansu Ned Ludd, ko da yake ba a taɓa kama wani mai wannan suna ba.

Hukuma ba ta yi wasa ba. Ta aika da dubban sojoji. A 1812 majalisa ta yi doka: wanda ya fasa injin saƙa, hukuncinsa kisa. A watan Janairu 1813 aka rataye mutum 17 a garin York. Wasu aka kai su Ostareliya zaman horo. Ka lura da abu guda: mutanen nan da inji suke aiki tun farko. Faɗansu da mai injin ne, wanda ya rage musu abinci.

Bayan shekara ɗari da ƴan kai, a 1920, wani marubuci na ƙasar Cek mai suna Karel Capek ya rubuta wasan kwaikwayo, R.U.R. A ciki wani kamfani yana ƙera ma'aikata masu siffar mutum, ba a biyansu ko dala. Ya kira su robot. Kalmar ta fito daga robota, wato aikin tilas da talaka yake yi wa mai ƙasa. Tambayi tsofaffin garinku, sun san irinsa, don an yi shi a Nijar zamanin Faransawa har aka soke shi a 1946. A ƙarshen wasan ma'aikatan nan suka yi tawaye, suka kashe mutane duka, sai magini ɗaya suka bari, don shi ma da hannunsa yake aiki.

Daga nan labarin ya shiga silima. A 1927 Fritz Lang ya yi Metropolis a Jamus, lokacin silima ba ta magana tukuna. Attajirai suna sama cikin daula, leburori suna ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa injuna.

To, a zamanin Terminator tsoron ya sake kama. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun tara makaman nukiliya, kowa na jiran kowa. Shi ya sa a silimar aka ce an danƙa makamai a hannun wata kwamfuta mai suna Skynet, ita kuwa ta juya ta harba su kan mutane. Sa'an nan ta aiko da inji daga shekarar 2029, ya kashe wata mata, Sarah Connor, tun kafin ta haifi ɗan da zai jagoranci sauran mutane. A ganina abin da ya sa silimar ta kama zuciya ke nan: mace mai aikin gidan abinci, ba soja ba, ita ta murƙushe injin. A Matrix ta 1999 abin ya fi haka muni, don injuna ne ke kiwon mutane suna tatsar wuta daga jikinsu.

Ga kuma abin mamaki. A 2023 masu rubuta labaran silima a Amurka suka shiga yajin aiki na kwana 148, ƴan wasa kuma na kwana 118. Cikin buƙatunsu har da wannan: kada kamfani ya sa kwamfuta ta rubuta labari a madadinsu, kada kuma ta kwaikwayi fuskar ɗan wasa da muryarsa ba da izininsa ba, ba kuma tare da an biya shi ba.