Daidaita lanƙwasar tawada a bugun hoto baƙi da fari

Daidaita lanƙwasar tawada aiki ne da ake yi wa firinta mai fesa tawada domin hoton baƙi da fari ya fito da matakan toka-toka a jere, tun daga farin takarda har zuwa baƙi ƙirin. Lanƙwasar tawada jadawali ne da ke gaya wa firintar yawan abin da za ta fesa daga kowace tawada a kowane mataki na duhu. Idan aka zana shi, lanƙwasasshen layi yake bayarwa, daga nan sunan ya samo asali.

Dalili

Firintar launi ta yau da kullum tana samar da toka-toka ne ta hanyar haɗa shuɗi da ja da rawaya tare da baƙi. Da zarar ɗaya ya ɗan rinjaya, sai hoton ya karkata zuwa kore ko ja, wani lokaci ma launinsa a hasken rana daban, a ƙarƙashin ƙwan lantarki daban. Matsala ta biyu ta fi wannan ɓarna: ɗigon tawada yana bazuwa idan ya sauka a kan takarda, don haka duhu yakan zarce abin da aka nema. Wuraren inuwa sai su cushe su zama baƙi guda, ninkin baƙar riga ko gashin kai ya ɓace, alhali yana nan a cikin hoton na kwamfuta.

Tarihi

A shekarar 2000 Jon Cone, mai sana'ar ɗab'i a jihar Vermont ta Amurka, ya fito da tsarin Piezography, inda aka maye gurbin tawadar launi da baƙar tawada mai ƙarfi daban-daban. Daga baya tsarin ya kai tawada bakwai. Roy Harrington kuma ya rubuta manhajar QuadTone RIP, wadda ke ba mai firintar Epson damar sarrafa kowace tawada ita kaɗai, kuma da ita masu hoto da yawa ke yin wannan aiki. A 2005 kamfanin Epson ya fito da tawadar UltraChrome K3 mai baƙi iri uku.

Yadda ake yi

Da farko ana buga kowace tawada ita kaɗai, daga kaɗan zuwa cikakkiya, a nemo inda ƙarin tawada ya daina ƙara duhu. Nan ne iyakarta. Wuce nan asara ce, domin takardar jiƙewa kawai take yi. Sannan a raba aiki: tawada mafi haske ta ɗauki wuraren haske, mai bi mata ta karɓa tun kafin ta farko ta janye, har a kai ga baƙar. Idan mahaɗar ba ta yi kyau ba, ana ganin tsalle a wuri mai santsi kamar sararin sama.

Mataki na ƙarshe shi ne miƙar da layin. Ana buga tsani mai gida 21, daga sifili zuwa 100 cikin ɗari, tazarar biyar-biyar. Akan bar shi ya kwana, saboda duhun tawada yana canzawa yayin bushewa. Sai a auna kowane gida da na'urar auna haske, irin su i1 Pro ta kamfanin X-Rite, bisa ma'aunin L* na shekarar 1976, wanda ya tashi daga sifili, wato baƙi, zuwa 100, wato fari, kuma an tsara shi ne ya bi yadda idon mutum ke gani. Misali, idan farin takardar ya ba da 96, baƙin kuma 16, bambancin 80 ne, don haka kowane gida ya kamata ya sauka da 4. Manhajar tana kwatanta abin da aka auna da wannan lissafi, ta gyara jadawalin, a sake bugawa a tabbatar.

Iyaka

Lanƙwasa ɗaya tana aiki ne ga firinta ɗaya da tawada ɗaya da takarda ɗaya. Takarda mai sheƙi tana ba da baƙi mai zurfi fiye da maras sheƙi, kuma kowacce da irin baƙar tawadarta. Ko ƙofar fesawa ɗaya ce ta toshe lokacin buga tsanin, awon ya lalace, shi ya sa ake fara gwada kan firintar kafin a taɓa komai.