Kulle da Kaɗaici: Waiwaye kan Killace Jama'a Lokacin Annoba

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa tun da aka fara killace mutane saboda annoba, lafiyar jiki kaɗai hukumomi suke yi wa lissafi. Abin da kaɗaici yake yi wa hankali kuwa bai samu shiga cikin lissafin ba sai a kwanan baya.

Masana tarihi sukan fara labarin daga birnin Ragusa, watau Dubrovnik ta yau, inda a shekarar 1377 aka kafa doka cewa duk wanda ya fito daga ƙasar da ake annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shiga gari. Daga baya wa'adin ya koma kwana 40 a biranen Italiya. Masu shigowa gari daga waje kawai wannan doka ta keɓe. A Landan ta 1665 kuwa, mutanen gari aka tsare: gidan da cutar ta ɓulla sai a rufe shi da mai ciwo da mai lafiya duka, a shafa jan gicciye a ƙofa, a sa mai gadi. Daniel Defoe ya siffanta firgita da ɗimautar mutanen irin waɗannan gidaje a littafin da ya wallafa a 1722. Sai dai shi yaro ne ƙarami lokacin annobar, littafin kuma akwai ƙage a cikinsa, don haka ba hujja ce da za a dogara da ita kacokan ba.

Awo na ilimi bai samu ba sai bayan cutar SARS ta 2003. A Toronto ta ƙasar Kanada, Hawryluck da abokan aikinta sun yi wa mutum 129 da aka killace tambayoyi, suka tarar kashi 28.9 cikin ɗari suna da alamun firgitar da kan biyo bayan masifa, kashi 31.2 kuma suna da alamun ciwon damuwa. Adadin mutanen kaɗan ne, amma binciken ya nuna cewa yawan kwanakin killacewa yana tafiya da tsanantar alamun. A farkon 2020 Samantha Brooks da abokan aikinta suka tace bincike 24 a mujallar Lancet, suka ƙara da cewa ƙarancin abinci da rashin sahihin bayani da asarar abin hannu da ƙyamar jama'a duk suna ƙara wa wanda aka killace ƙunci. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta korona, kuma mata da matasa abin ya fi taɓawa.

A Kano, dokar hana fita ta fara aiki ran 16 ga Afrilu, 2020, da wa'adin mako guda. Ran 27 ga wata Gwamnatin Tarayya ta ƙara mako biyu, daga nan aka yi ta tsawaitawa. Wannan shi ne ainihin abin da binciken da aka ambata ya yi kashedi a kansa, domin mutum yakan jure wa tsarewar da ya san ranar ƙarewarta fiye da wadda ake ta ɗaga masa.

Sunan da Hausawa suka raɗa wa dokar, watau "kulle", abin lura ne ga mai nazarin harshe. Da wannan kalmar ake kiran zaman matan aure a gida, amma kamancin sunan ya ɓoye wani babban bambanci. Matar da take kulle ba a yanke take da jama'a ba. Tana zuwa unguwa da dare, tana zuwa biki da suna da dubiya, yara kuma suna kai mata saƙo suna yi mata talla, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a binciken da ta yi a Kano cikin shekarun 1970. Kullen korona kuwa waɗannan hanyoyi ya toshe. Sa'an nan ya haɗa da maza, waɗanda galibin rayuwarsu a waje take: kasuwa, majalisar ƙofar gida, sallar jam'i. Magidancin da sai ya fita yake samo cefane ya wayi gari a ɗaki, ba sana'a, ba abokin hira, ga iyali suna dubansa. A gidan haya mai cunkoso ma, inda ba a rasa mutane, an yi kaɗaicin, tunda cikar gida ba ta maye gurbin abokin shawara.

Abin ya fi tsanani ta wajen mutuwa. Azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, ba tafsiri ba tarawihi a masallatai, a daidai lokacin da ake ta rasa dattawa a birni. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mamata 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu. A al'adar Bahaushe, zaman makoki da zuwa gaisuwa su ne hanyar rage wa mai rashi nauyin baƙin ciki: ba a barinsa shi kaɗai, ana kawo abinci, ana ta nanata masa haƙuri har zuciya ta saba. Dokar ta taƙaita wannan a lokacin da aka fi bukatarsa, ta'aziyya da yawa ta koma ta waya.

Wanda ƙuncin ya fi ƙarfinsa kuma bai cika faɗa ba, saboda kalmar "taɓin hankali" tabo ce ga mutum da zuriyarsa har wajen neman aure. Sai ya ce rashin barci ne ko ciwon kai. Ko da ya nemi likita, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya a lokacin ba su kai 300 ba, ga jama'a kimanin miliyan 200. Dokar da ƙasar take aiki da ita a wannan fanni a 2020 ita ce ta mahaukata ta 1958, wadda ba a maye gurbinta ba sai a watan Janairu na 2023.