Wanda Ya Sayi Gida a Tsohuwar Tasawa, Me Ya Saya?

A unguwar SoHo ta birnin New York akwai benaye na ƙarni na 19 da aka gina don masana'antu da ajiyar kaya. Da masana'antun suka tashi, masu zane-zane marasa abin hannu suka tare a ciki a shekarun 1960, har gwamnatin jihar ta yi doka a 1982 ta ba mazauna irin waɗannan benaye kariya. Yau attajirai ne ke rububin sayen su, kuma tsufan ginin shi ne tsadarsa: ana gyara wuta da ruwa, a bar tsohon bulo da ginshiƙan ƙarfe a fili don baƙo ya gani. Haka Turawa suka yi wa tsofaffin gidajen cikin birnin Marrakesh na Maroko tun daga shekarun 1990. A Tasawa kuwa, da Mayahi, da sauran garuruwan jihar Maraɗi, mai kuɗin da ya sayi gida a tsohuwar unguwa yakan fara ne da rushe shi. Ana yawan ɗora wannan a kan rashin sanin darajar tarihi. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. A ƙasar nan bango bai taɓa zama dukiyar da ke cikin gida ba. Dukiyar ita ce filin da mutanen da ke sabunta bangon, kuma mai saye yana samun filin ne kawai.

Shaida ta farko ta fito daga Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa daga Agadas zuwa Katsina da Kano. Garin ya burge shi, amma abin da ya bayyana ba manyan soraye ba ne. Ya ga gidaje kewaye da darnin kara, da rumfa kusa da ƙofa inda ake ciniki da karɓar baƙi, da ɗakuna, wasu na kara zalla, wasu bangon ƙasa da jinkar ciyawa, ga itatuwa masu inuwa, ga marina. Wannan gari ne mai wadata a kan hanyar fatake, amma kusan duk abin da ya gani a tsaye kaya ne da ba ya wuce ƴan shekaru sai an sake shi. Akwai dalili. Tun da jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga Katsina wajen 1807, suka zo suka kafa mulkinsu a Maraɗi, yankin bai rabu da hari da ramuwar hari ba har ƙarshen ƙarnin. Ko a 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta biyo ta nan tana ƙone garuruwa, kafin sojojinsu su kashe su a wajen Maijirgi. Mutumin da ya san wata rana zai iya kwasar iyalinsa da dare ba ya zuba arzikinsa a bango. Yana zuba shi a dabbobi, da tufafi, da rumbu, da jama'a.

Soron ƙasa mai rufin azara, da zaure mai bakan gizo, da bene, duk sun kasance, amma na sarauta ne da manyan attajirai, kuma su ma ba a gina su sau ɗaya a huta. Magini zai kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya yi tubali, ya ɗora, ya jera azara, ya sa indararo, sannan ya shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda tushensa katsin marina ne. Kafin kowace damina sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. A da bayi da barori da yaran gandu ne ke yin sa, mata su yi daɓe, maƙwabta su taya. Saboda haka gidan da ake ce wa ya shekara 100 ba ƙasar da aka kwaɓa shekara 100 da suka wuce ce ke riƙe da shi ba, aikin bara ne da na bana. Ana iya sayar da bulon SoHo a hannun wanda bai san maginin ba, ya zauna lafiya. Soron Tasawa idan ya rabu da hannuwan da ke yaɓe shi, damina kaɗan sun ishe shi.

Zamanin Faransawa ne ya raba filin da gidan. Sun mai da Tasawa mazaunin kwamanda, sannan a 1927 suka ɗauke kujerar suka kai Maraɗi, ciniki ya bi ta. A 1932 suka yi dokar rajistar filaye a yankunan da suke mulka a Afirka ta Yamma. Da ambaliyar 1945 ta cinye tsohuwar Maraɗi da ke cikin kwarin gulbi, sai aka hau tudu aka yanka filaye a jere da tituna miƙaƙƙu. Daga nan kowa a yankin ya ga cewa fili abu ne mai iyaka huɗu da takarda da farashi. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun zuba ribar gyaɗa da ta cinikin kan iyaka a gidajen siminti da na haya, kuma su suka zama abin koyi. Sannan ga gado. A da gidan uba yakan zauna a hannun babban wa ba tare da an raba ba. Da gandu ya watse, kowa ya nemi rabonsa, kuma soro ɗaya ba ya rabuwa tsakanin magada goma sai an mai da shi kuɗi.

Za a ce duk wannan kewaye-kewaye ne, gaskiyar magana ita ce ƙasa ba ta jure ruwa. Mai wannan magana yana da hujja, kuma ba ƙarama ba: daminar 2024 ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa a jihar Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19. Babu mai hankalin da zai zargi magidanci don ya nemi rufin da ba zai faɗo wa ƴaƴansa ba. Amma a duba abin da ke kayar da gidan ƙasa. Yawanci ruwan da ya kwanta a gindin bango ne, bayan an cike kududdufan da a da suke shanye shi, an gina a kansu. Ko yaɓen siminti da aka lulluɓe bangon ƙasa da shi, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita. Ko azarar da ta ruɓe ba a sauya ba. Ita azarar ma ta yi wuya. Goribar kwarin Gulbin Kaba, wadda mutanen Mayahi ke samun kabar tabarma da igiya daga gare ta, ta sha sara da fari, musamman na 1973 da na 1984, kuma giginya ba ta yankin ba ce sosai. Kwano ya fi azara sauƙin samu, ko da yake duk wanda ya kwana ƙarƙashinsa a watan Afrilu ya san abin da aka yi asara.

Wasu kuma za su ce son tsohon gini ɗabi'ar Turawa ce, ba tamu ba. Wannan bai dace da tarihin magina ba. Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ba don Bature ya yi ba. Falke Barmu, maginin Yama a jihar Tawa, ya fara masallacin garinsu a 1962 da taimakon mutanen gari, ya yi ta ƙara masa ado shekara da shekaru kafin lambar yabon gine-gine ta Aga Khan ta same shi a 1986. Kuma a Dandaji, a 2018, masu tsara gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa suka mai da shi ɗakin karatu, da hannun maginan wurin, maimakon a rushe. Abin da waɗannan ayyuka suka haɗa shi ne an samu wanda zai ɗauki nauyin magini. A nan ne nake ganin mai kuɗin da ake zargi shi ne kaɗai zai iya maye gurbin gandun da ya watse, domin yaɓen da a da ake yi da gayya yanzu sai da lada, kuma magadan da suka sayar sun sayar ne don ba su da shi.

Tsoron da ya rage shi ne na Marrakesh, wato baƙi su saye unguwa su kori ƴan gari. Tasawa ba Agadas ba ce, wadda tsohon garinta ya shiga jerin UNESCO a 2013, kuma masu yawon buɗe ido ba su dami Tasawa ba. Mai saye a nan yawanci ɗan gari ne da ya samu a fatauci ko a aikin gwamnati a Yamai, yana son ya dawo kusa da fada da kasuwa da masallacin Juma'a. Amma hakan bai hana a kori wani ba. Fiƙihun Malikiyya ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba haƙƙin shuf'a, ya riga bare saye a kan farashin da aka yi, sai dai haƙƙin na amfanar mai kuɗi a hannu ne kawai. Matar mamaci mai tumuni, da ƴa mace mai rabin rabon namiji, su ne suka fi daɗewa a cikin gidan, su suka san inda rufi ke yoyo, kuma kason da ke zuwa hannunsu ba kasafai yake sayen fili ba sai a bayan gari, inda famfo bai kai ba tukuna.