Daga Ruwan Tiga Zuwa Ƙarfen Sabis: Tarihi Na Maimaita Kansa

Jama'a, duk lokacin da na ji ana cewa intanet ta daidaita ɗan birni da ɗan ƙauye, sai tarihin Dam ɗin Tiga ya faɗo mini a rai.

Gwamnatin Audu Baƙo ce ta gina shi tsakanin 1971 da 1974 a ƙasar Bebeji. An tashi ƙauyuka, gonaki sun nutse. Amma ruwan sai ya gangara arewa: noman rani a Kadawa, Kura da Bunkure, ruwan sha a birnin Kano. Ko wutar megawat 10 da aka samar a dam ɗin daga baya, matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titin birni aka tsara wa ita. Mai gida ya ba da wuri, baƙo ya ci tuwo.

Haka wayar salula ta yi mana da ta shigo a 2001. Kamfanoni 'yan kasuwa ne, inda jama'a suka yi cunkoso da gefen babbar hanya suke fara kafa ƙarfen sabis. Shi ya sa za ka samu sabis a Kwanar Ɗangora, amma ka nausa ƙauyukan Doguwa ta wajen dajin Falgore, sai ka nemi tudu kafin ka yi kira.

Wani zai ce, to sai me? Lissafin a aljihu yake. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta zalla. Yaron birni ya saba da ita, namu kuwa sau da yawa ranar jarrabawa yake fara taɓa ta, bayan ubansa ya biya kuɗin mota. A ƙarshen 2020 aka ce a haɗa layi da lambar NIN, nan ma ɗan ƙauye ya bar gona ya tafi bin layi. Sai canjin kuɗi na farkon 2023: na ga manoma da idona suna karyar da masara ga duk mai tsabar kuɗi a hannu, don tiransifa ba ta shiga, mai POS kuma ya tsawwala caji. Dillalin da ya san farashin Dawanau ta waya shi ya kwashe ribar.

Ba sadaka muke roƙo ba fa. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sabis inda kamfanoni ba sa ganin riba. Ya kamata wakilanmu na Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa, su faɗa mana ƙarafa nawa asusun ya kafa a mazaɓunsu, kuma nawa ne ke aiki yau.

Iyayenmu ba su samu damar tambaya ba a 1974. Mu muna da ita. Allah Ya sa mu dace.